Takalmin da Feda Ta Ƙi Saki

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya sa yau nake tsaye a gabanku da ƙafafu biyu.

Cikin dukan ilimin da ɗan Adam ya tara tun kafuwar duniya, babu wanda ya kai sanin yadda ake sauke ƙafa ƙasa. Na koyar da tarihi da labarin ƙasa har na yi ritaya, amma wannan darasi sai da furfura na koye shi, a kwance, a gefen hanyar Roni.

Kun san ina fama da ciwon suga. Likita a Kazaure ya ce in riƙa motsa jiki. Da ɗana Bitrus ya ji, sai ya aiko mini da keken tsere daga Jos, siriri kamar ya yi jinya, tare da takalminsa. A ƙasan takalmin akwai wata 'yar roba mai tauri da aka ɗaure da noti. In ka taka feda sai ta shige ta kulle, ƙas, kai da keke ku zama abu ɗaya. In za ka sauka, sai ka murɗa diddige waje ta sake ka.

Bitrus ya gargaɗe ni a waya. Ya ce, "Baba, takalmin na hawa ne, ba na tafiya ba. In kana yawo da shi robar za ta cinye."

Wanda ya ƙera wannan takalmi ba shi da kowa da zai gaisar a hanya. Mu a nan ba a wuce dattijo a kan keke. Sai ka sauka, ka tako, ka rusuna, a tambayi gida da gona da gajiya. Tsakanin ƙauyenmu da Roni kuwa dattawa ba sa ƙarewa, duwatsu ma haka. Kafin damina ta fita robar ta suɗe. Ina cikin tuƙi sai ƙafa ta zame da kanta.

Bitrus ya ce in ajiye keken har ya aiko da sabuwa. Ban ajiye ba. Na kai wa mai walda a Kazaure, ya juya takalmin ya yi tsaki. "Malam, Turawa da wayonsu su sa roba a inda ake takawa? Bari in yi maka ta ƙarfe. Wannan har jikokinka."

Ta shiga feda da kyau ƙwarai. Ni da shi babu wanda ya tuna ya gwada fitarta.

A kan gangara na hangi shanu suna tsallaka hanya, bayansu Baffa Jauro, makiyayin da ya yi abota da mahaifina. Na ja birki don in sauka in gaishe shi. Na murɗa diddige, shiru. Na sake murɗawa. Keken ya tsaya cak, ni kuma na tafi ƙasa a hankali, cikin natsuwa, kamar bishiyar da aka gama sara. Dutse ya tsaga mini idon sawu.

Baffa ya tsaya a kaina, ya jingina da sandarsa. "Ɗan Audu, kai ne ka riƙe keken ko shi ya riƙe ka?"

Na ce, "Baffa, gaisuwa na zo yi."

Ya ce, "Ta isa haka." Ya zaro wuƙa ya yanke igiyar takalmin, ya zare mini ƙafa, ya ɗaure ciwon da rawaninsa, ya tare mini ɗan acaɓa.

Ga mai suga babu ƙaramin rauni. Ciwon ya ƙi rufewa, ya zama gyambo. Aka yi girbin gero ina kwance, aka yi na gyaɗa ina kwance. Kullum wanki, kullum allura, kullum wari. Ranar da likita ya zana layi da biro a ƙaurina, ya ce in baƙin da ke yaɗuwa daga ciwon ya kai nan sai an yanke ƙafar, ban ko ji tsoro ba. Gajiya ta riga tsoro isowa.

A nan addu'ata ta ƙare, 'yan'uwa. Ni da nake tsara addu'a kamar jawabin ranar ba da kyaututtuka, na rasa ko kalma ɗaya.

Wata safiya matata Saratu tana wanke ciwon, sai ta ce, "Malam, yi addu'a."

Na ce, "Babu saura."

Ta ce, "To faɗa masa hakan."

Sai na ce, "Ya Yesu, na gaji. Ƙafar nan taka ce. In ka bar mini, na gode. In ka karɓa, ka riƙe ni." Iyakarta ke nan. Ban ga haske ba, ban ji murya ba. Barci kawai na yi, irin wanda na daɗe ban samu ba.

Muka ci gaba da shan magani da zuwa wanki. Baƙin bai kai layin ba. Sannu a hankali nama ja ya fara tasowa, har ranar da likita ya sa auduga ya goge layin da hannunsa. Yabo ga Ubangiji!

Masu tambayata wace irin feda za su saya, amsata ita ce: in kana da dattawa a hanyarka, nemi shimfiɗaɗɗiya, wadda ko da silifa za ka taka ka sauka. In kuma ta kulle ce, da robar ta cinye ka sauya ta, kada ka kai ta gyara.

Ina gode wa Ubangiji saboda Saratu, da likita, da Baffa Jauro da rawaninsa. Duk wanda addu'arsa ta ƙare a cikinku, ya kai masa gajiyar haka nan, zai karɓa. Ku dogara gare shi.

Keken yana jingine a zaure. Takalmin na nan manne da feda, Bitrus ma ya gwada ya kasa. Ƙarfen kuwa ko kaɗan bai cinye ba.