Wayar da Mama Take Kashewa

'Yan'uwa, gaisuwa a gare ku cikin sunan Yesu Mai Ceto. Ku yabi Ubangiji!

Sunana Rifkatu, daga Madakiya. Shekara biyu bayan na gama kwalejin malamai ina yawo da ambulan a hannu. Babu makarantar da ban kai takarda ba, daga Kafanchan har Kauru. Ko'ina sai a ce, "Za mu kira ki."

Ana cikin haka wayata ta faɗa rijiya. Sai na riƙa rubuta lambar Mama a takardun.

Shiru! Zuciyata ta yi ɗaci, ba zan ɓoye ba. Na daina zuwa koyon waƙa, don na gaji da jin "Malama, yaya aiki?" Har na ce Allah ya manta da gidanmu.

Wata Laraba na shiga coci ni kaɗai, na durƙusa na yi kuka. Na ce, "Uba, ko ka ba ni aiki, ko ka cire mini wannan ɗaci. Na gaji!"

Washegari muna yankan citta a tsakar gida, waya ta yi ƙara. Mama ta duba, ta ja tsaki, ta kashe.

Na ce, "Mama, waye?"

Ta ce, "'Yan damfaran nan da Fasto ya gargaɗe mu! Wata mata ce, sai Turanci, wai Rifkatu, wai makaranta. Kira na uku ke nan, sau biyu ina gaya mata ta tuba."

Wayyo! Wuƙa ta faɗi daga hannuna. Nan take na kira lambar. Ashe shugabar wata makaranta ce a Godogodo. Ta yi dariya ta ce, "'Yata, mamarki ta yi mini wa'azi har na ƙoshi. Da ba ki kira yau ba, gobe zan ba wata aikin. Ki zo ranar Litinin."

Halleluya! Yau wata huɗu ina koyar da aji uku.

Ga Mama can cikin zumuntar mata tana rufe fuska da mayafi. Mama, kada ki ji kunya! Yanzu ko kuskuren lamba aka yi, sai ta ce, "Sannu da aiki, ranka ya daɗe."

Na gode wa Yesu. Ku masu yawo da ambulan, kada ku karaya, ku dogara gare shi. Ranar da na durƙusa ina cewa ya manta da ni, ashe ya riga ya kira sau biyu. Mu ne muke kashe waya.

Amin!