Kafin a Zuba wa Faifan Siminti

Mai girma Magajiyar Garin Valcreux, 'yan majalisa, tsofaffin ma'aikatan reluwe, iyayena da sauran jama'ar gari, barkanku da yamma. Sunana Solène Vauthier. Na gode da kuka bar yarinya ta yi magana. In muryata ta yi ƙasa, ku yi haƙuri, ban saba ba.

Ranar Litinin za ku yanke shawara ko a cike ramin faifan juya kan jirgin ƙasa da siminti, a mai da shi wurin ajiye motoci. Magana biyu gare ni.

Ta farko, kafin layin dogo ya iso, nan gonaki ne da coci ɗaya. Dogo ya kawo ma'aikatar gyaran jirage, ya kawo mutum ɗari takwas, ya kawo gidajen jan bulo da aka haife mu a ciki. Kowane kan jirgi da ya shigo, a bisa faifan nan ya juya.

Ta biyu, abin da na gani da idona. Makon jiya kakana Firmin, wanda ya shekara talatin yana aikin faifan, ya kai ni wurin. Abokinsa Anselme, tsohon direba, ya hau faifan da wani tsohon kan jirgi mai kwal. Kaka ya tura sandar juya faifan, faifai ya ƙi motsi.

Ya daka tsawa: "Kai, makaho! Ka wuce tsakiya da taƙi guda!"

Anselme ya leƙo ya ce, "Ƙarfinka ne ya ƙare, tsoho. Je ka sha romo!"

"Ja baya, na ce! Har ka tsufa ba ka koyi tsayawa ba."

Anselme ya ja baya kaɗan yana gunaguni. Sai Kaka ya ce, "Zo nan, 'yar gidana, sa hannu."

Jama'a, na tura. Tan ɗari na ƙarfe, da wutarsa, da tururinsa, ya biyo hannuna a hankali kamar ƙofar ɗaki. Mutanen da suka haƙa ramin nan sun auna shi, sun sake aunawa, har nauyi ya rasa inda zai karkata. Ban san sunayensu ba, amma na ji aikinsu a tafin hannuna.

Shekarun Kaka tamanin da takwas, shi kaɗai ya rage da ya san sirrin faifan, ya kuma ce zai koya mana. Ba na cewa ku yarda da ni, gani ya kori ji. Ku zo ranar Lahadi bayan coci, kowa ya tura sau ɗaya, sannan ku kaɗa ƙuri'a.

Allah ya ba ku basira, ya ƙara wa tsofaffinmu kwana, ya mai da kowa gida lafiya. Na gode.