Abin da Na Gani a Bayan Gogo

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Shugaban taro, Malam Ridwan, iyayenmu maza da iyayenmu mata, yayyenmu ɗalibai, da sauran 'yan uwa mazauna Riyad, ina gaishe ku, ina kuma godiya da kuka ba yarinya kamata damar magana. Sunana Khairiyya. Ku yi haƙuri da Hausata, a nan aka haife ni.

An tara mu ne kan ƙa'idar da ta ce kada a ɗauki mai jinya sai mai takardar shaida. Na ji manya suna cewa takura ce. Ni kuwa akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Da ɓarin jikin kakata Gogo ya shanye, Baba ya kawo wata 'yar garinmu ta yi jinyarta, muna ce mata Anti. Mama ta ce, "Malam, ko a tambaye ta takarda?" Baba ya ce, "Haba Hajar! Matar da na ci tuwo a gidan ubanta? Da wane ido?"

Anti ba muguwa ba ce. Tana dama wa Gogo kunu, tana yi mata kitso. Amma ba a koya mata cewa ana juya mara lafiya ba.

Ni na fara jin warin. Na ɗaga zane, na ga bayan Gogo ya zama gyambo. Anti ta shafa man habbatus sauda, ta ce, "Ke 'yar Larabawa, rufe! Ba a kallon jikin babba." Na rufe zanen, na rufe bakina, don yaro ba ya kai ƙarar babba.

A asibiti likita ta tambaya da Larabci, "Wa ke juya ta?" Ni ce tafinta. Da bakina na maimaita wa Baba tambayar, na ga ya sunkuyar da kai.

Iyayena, kunya ado ce. Amma kunyar da ta hana Baba tambaya, ita ta hana ni magana, a jikin Gogo kuma ta sauka. In kun ji nauyin tambaya, ku ce doka ce ta sa ku.

Gogo tana samun sauƙi. Anti kuwa an ɗauke ta jinyar wani tsoho a unguwar Badi'a. Jiya na je gidan ni kaɗai, na durƙusa na gaishe da matarsa, na roƙe ta ta bar ni in ɗaga masa mayafi in duba bayansa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Allah ya rufa mana asiri, ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.