Tulun Hajjo Yana Nan Cike

Assalamu alaikum. Wakilin Mai Martaba, ranka ya daɗe. Hakimanmu na Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, Allah ya ja zamaninku. Liman, Allah ya gafarta Malam. Malam Ilu mijin marigayiya, da 'yarta Asama'u, da matan da ke saurare daga cikin gida, sannunmu da haƙuri.

An ce ni Isa, malamin asibiti, in yi magana a kan Hajjo ungozoma, don tare muka sha zaga ƙauyuka. To, ba a maganar Hajjo sai an ambaci abin da ba ma son ji a zaure: yoyon fitsari.

Mun san yadda muke yi. Mace ta daɗe a kan gwiwa, ko a yi mata yankan gishiri, fitsari ya ƙi tsayawa. Sai mu kafa mata bukka a bayan rumbu, mu ware mata ƙwarya. Ba kasuwa, ba suna, ba biki. Ita kuma don ta rage zubar, sai ta daina shan ruwa.

Hajjo ta kasance mai shiga inda muke toshe hanci mu wuce. Tulu take ɗauka ta dire a ƙofar bukka, ta ce, "Ke, sha! Ƙishirwa ba ta ɗinke mara, ƙona ki kawai take yi. In kin sha da yawa sai ya fito fari, warin ya ragu, cinyoyinki su huta." Ta koya musu wanke tsumma da shanya shi a rana, da shafa mai. Ta kai musu amsar Liman cewa mai lalura ma tana salla.

Ta kasance ba ta barin ko ta kwana. A shekarar farin nan, muna auna ruwa da ludayi, wani mai gida a Gagarawa ya ce, "Hajjo, yanzu wadda zai zube mata za ki ba?" Ta dube shi ta ce, "Kai naka ina yake zuwa?"

Ta kasance ita ce ƙafarsu. Direba ba ya ɗaukar mai yoyo, fasinja ba sa yarda. Sai ta zauna jikin matar a kan buhun gero a bayan mota har asibitin Kano wurin ɗinki, ta ce, "In za ka sauke ta, sauke mu tare."

Yanzu fa? Akwai wata a Ɗanzomo, ba zan faɗi sunanta ba. Hajjo ta yi mata alkawarin tafiya Kano bayan kaka, ajali ya riga kaka. Jiya Asama'u ta leƙa ta. Tulun da Hajjo ta kai mata yana nan cike, bakin matar kuwa duk ya tsage. Ta ce wa Asama'u, "Wa zai kai ni? In sha don me?" Wallahi da Asama'u ta faɗa mini, raina ya ɓaci. Ni namiji ne, iyakata zaure.

Malam Ilu, ka yi haƙuri, ka kuma bar Asama'u ta ɗauki aikin uwarta. Mai gidan matar Ɗanzomo kuwa yana zaune a nan, ya san kansa. Kai mai gida, izininka kawai ake jira.

Mun gode da zuwanku. Allah ya jiƙan Hajjo, ya shayar da ita daga Alkausara. Wadda ta bari a bayan rumbu kuma, Allah ya sa ta sha ruwa yau. Amin.