Ramuka Biyu a Bango

A ɗakin jiran likitan ido, wani tsohon magini ya daɗe yana satar kallon jaridar matar da ke gefensa. Hoton da ke shafin farko na wani ɗan takara ne, wanda aka harbe a zauren taro shekara goma sha biyu da suka wuce.

"Kwamiti ya gama bincike, Baba," in ji matar. "Harsashi ɗaya ne, kuma direban nan da ya mutu a kurkuku shi ya harba."

"Uku ne, 'yata. Ɗaya a jikinsa, biyu a bango."

"Kai Baba! Masana sun duba bangon, ba su ga komai ba. Kana wurin ne?"

Tsohon ya dubi tafin hannunsa.

"Washegari aka kai ni zauren da kayan aikina. Rami ɗaya ƙaramin yatsana ke shiga, ɗayan kuwa sai babban yatsa. Bindiga ɗaya ba ta yin haka. Wani mai kaki ya ciro abin da ke ciki ya zuba a aljihu, ya ce in toshe."

"Ka toshe?"

"Na toshe, na goge, na haɗa fenti har ya saje da tsohon fentin. Ina ta murna wai an san na iya aiki."

"To me ya hana ka gaya wa kwamiti?"

"Na je bara, suka ce in nuna wurin. Awa biyu ina shafa bangon nan da hannuna, 'yata. Wallahi ni kaina ban gane wurin ba."