Yadda Ubangiji Ya Cire Mini Tsoron Gawa a Shekarar Kwalara

'Yan'uwana mata, ina kawo muku gaisuwa cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Sunana Saratu, daga Kurmin Mashi, ma'aikaciyar jinya ce ni.

Shekarar da kwalara ta shigo Kaduna, ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba, wata shida ke nan da na fara aiki a asibiti. Gadaje suka ƙare, muka koma shimfiɗa tabarmi a baranda. Mutum zai shigo da ƙafarsa da safe, kafin la'asar amai da gudawa sun ƙarar da shi.

Ba zan ɓoye muku ba, tsoro ya mai da ni wata iri. In an yi rasuwa sai in ƙirƙiri aiki a wani ɗakin. In kuwa ba mafita, sai in ja gawa da bakin zane, fuskata a juye. Na daina addu'a. Har takardar barin aiki na rubuta.

Akwai wata dattijuwa mai shara a ɗakin majinyatanmu, Iya Hadiza, Bakatsiniya. Da likita ya hana dangi taɓa gawa, ita ce ta ce za ta riƙa yi wa mata Musulmi wanka.

Wata Laraba matar wani malamin allo daga Rafin Guza ta rasu. Ya tsaya bakin ƙofa riƙe da likkafani, ya ce, "Iya, shekara ashirin muna tare. Kada a sa ta a ƙasa ba wanka."

Iya ta ce, "Malam, zauna a inuwa. Za a yi mata sutura yadda ya kamata."

Amma matar mai jiki ce, Iya ba za ta iya juya ta ita kaɗai ba. Ta dube ni. "'Yata, zo ki kama mini."

Na gudu bayan ɗakin wanki, na durƙusa kusa da famfo ina kuka. Na ce, "Ya Yesu, kai da ka miƙa hannu ka taɓa kuturu, dubi yadda na zama. Ba zan iya ba sai ka riƙe hannuna." Ban ji wata murya ba. Sai dai na ji tsoron ya sake ni, na miƙe.

Na sa safar hannu da takalmin roba, na shiga. Iya ta rufe wa matar al'aura, ta fara da gefen dama, a hankali, kamar mai gudun kada ta ji zafi. Har kitsonta ta warware ta gyara. Ta ce da ni, "Kin gani? Mutum ce. 'Yar wani ce." Bayan mun gama muka wanke hannu da ruwan magani har gwiwar hannu.

Da aka fito da makara, malamin ya ce mini, "Baiwar Allah, ban san sunanki ba, amma Allah ya sani."

Daga ranar ban sake ɓuya ba, takardar barin aikin ma ban miƙa ta ba. Ni da Iya muka shirya mata da yawa, Kirista da Musulmi, har cutar ta lafa. Ubangiji ya tsare mu duka biyu, ko ciwon ciki ba mu yi ba. Yabo ya tabbata ga sunansa!

Iya ta koma Katsina bara, idonta ya yi rauni. Ku sa ta a addu'a. Ke kuma da tsoro ya ɗaure, faɗa wa Yesu gaskiyar halinki, yana ji. Na gode masa. Amin.