Hagu da Dama a Layin Tashi

Abdulbaqi: Salamu alaikum, Yaya Mailafiya.

Mailafiya: Wa alaikumus salam, auta! Ya gajiyar tsere?

Abdulbaqi: Ba gajiya. Ya gareji? Ya mutanen Jakara?

Mailafiya: Lafiya lau. Ya Goron Dutse? Ya ƙafar Hajiya?

Abdulbaqi: Da sauƙi, yau har tsakar gida ta fito. Ya yara? Ya zafi?

Mailafiya: Kai, zafin ma sai ka gaishe shi? Faɗi abin da ke bakinka.

Abdulbaqi: Dama... motar ce. Ina so in kai wa Shehu makanike ya duba ta kafin tseren Asabar.

Mailafiya: Wa? Layin na yankewa.

Abdulbaqi: Shehu!

Mailafiya: Na ji tun farko, so nake ka maimaita ko ka ji kunya. Motar da na haɗa da hannuna?

Abdulbaqi: Yaya, sau uku ke nan ana tserewa a bar ni a layin tashi. In na sake faɗuwa, cire ni za su yi daga gasar. Nauyi take yi wajen tashi.

Mailafiya: Nauyi! Na sauya filogi, na ɗaure kuloci, na rage iskar tayoyin baya don su kama kwalta. Ran da na gwada ta, sai da na tsaya na sha shayi kafin inuwarta ta iso.

Abdulbaqi: To me ya sa nake makara sakan ɗaya da rabi?

Mailafiya: Yauwa. Ka ga bidiyon da yaron garejina Nazeer ya ɗauka daga gefen layi?

Abdulbaqi: Ban... halo? Ban gani ba.

Mailafiya: Ni na gani, sau tara. Fitila ta yi kore, abokin karawarka ya taka totur ya ɓace. Kai kuwa, ranka ya daɗe, ka juya kai hagu, ka juya dama, sannan ka saki kuloci.

Abdulbaqi: Ni? Haba!

Mailafiya: Kai ɗin. A filin da aka kewaye, ko akuya babu. Wane ɗan adaidaita sahu kake jira ya keto maka?

Abdulbaqi: Innalillahi... Wallahi ban san ina yi ba.

Mailafiya: To kai wa Shehu wuyanka ya ɗaure, ba motata ba.

Abdulbaqi: Tsaya, tsaya. Wa ya koya mini mota?

Mailafiya: Wannan kuma wata magana ce.

Abdulbaqi: Wa ke ranƙwashina a kowace danja, yana cewa kore ba ta hana wani mahaukaci shigowa? Har yau ƙeyata na tunawa!

Mailafiya: To, da ranƙwashin nan ka shekara goma sha biyar a titin Kano ko madubi ba ka fasa ba.

Abdulbaqi: Ka ga laifinka ne ke nan.

Mailafiya: Na karɓa. Gobe da safe ka zo filin. Zan riƙe maka fitila, mu yi ta tashi sau hamsin har wuyan nan ya miƙe.

Abdulbaqi: Shi ke nan, Yaya. Motar tana hannunka.

Mailafiya: Amma ka ji, auta. A filin kawai! Kana fitowa titi, wallahi in na ji ba ka duba ba, da sifana zan...

Abdulbaqi: Yaya? Halo? Yaya!